Tarihin Turbo da Takardun Mallakar Fasaharsa

Duk injin da ke ƙona mai a cikinsa, na fetur ne ko na dizal, ƙarfinsa yana tsayawa ne a kan yawan iskar da silindarsa ta iya zuƙa, domin mai ba ya cin wuta sai da iska, kuma a injin fetur kowane kilo ɗaya na mai yana bukatar kusan kilo 15 na iska kafin ya ƙone sarai. Ƙara mai ba ya da wuya, amma idan iskar ba ta ƙaru ba, abin da za a samu shi ne baƙin hayaƙi da asarar kuɗi. Saboda haka tun a ƙarshen ƙarni na 19 masu ƙera injuna suka fahimci cewa hanya biyu ce a gabansu: ko dai su girmama injin, ya ƙara nauyi da cin wuri, ko kuma su tura masa iska da ƙarfi, kamar yadda maƙeri ke zuga wuta da zugazugi. A gefe guda kuma akwai wata ɓarna da ta daɗe tana damun su, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin man da aka ƙona yana bin salansa ya fice a matsayin hayaƙi mai zafi. Na'urar da ake kira turbo ta haɗa maganin matsalolin biyu a wuri guda. Farfela biyu ne a kan sandar ƙarfe ɗaya: ta farko tana kan hanyar hayaƙi, hayaƙin ke juya ta, ta biyu kuma tana kan hanyar shigar iska, tana matse iskar tana cusa ta cikin silinda.

Mai neman tarihin wannan na'ura ba shi da madogarar da ta fi takardun mallakar fasaha, wato takardar da hukuma ke bai wa wanda ya ƙirƙiro wani abu, ta hana kowa ƙera shi ko sayar da shi ba da izininsa ba har zuwa wani wa'adi, wanda a yau shekara 20 ne a yawancin ƙasashe, shi kuma ya biya da bayyana sirrin ƙirƙirar tasa dalla-dalla domin kowa ya karanta. Sai dai madogara ce da ke bukatar a yi hattara da ita, domin ranar da ke kan takarda ranar da tunani ya zo ce, kuma tsakaninta da ranar da na'ura ta yi aiki ana iya samun shekaru masu yawa. A tarihin turbo wannan tazara ita ce kusan dukkan labarin.

Dabarar tura iska ta riga turbo haihuwa. A 1860 wasu 'yan'uwa biyu a jihar Indiana ta Amurka, Philander da Francis Roots, suka yi rajistar wani famfon iska da aka yi amfani da shi wajen hura tanderun narka ƙarfe. A 1885 Gottlieb Daimler na Jamus ya samu takarda a kan tura iska cikin inji, a 1902 kuma Louis Renault na Faransa ya yi rajistar tasa. Aibin waɗannan dabaru shi ne, injin da kansa ke juya famfon, ta hanyar giya ko bel, don haka wani kaso na ƙarfin da aka samu yana komawa wajen ciyar da famfon.

Wanda ya ce a bar hayaƙi ya yi wannan aiki shi ne Alfred Büchi, injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, wanda aka haifa a Winterthur a 1879, ya yi karatu a babbar makarantar fasaha ta Zurich, mahaifinsa kuma babban ma'aikaci ne a kamfanin Sulzer mai ƙera injuna. A watan Nuwamba na 1905, yana da shekara 26, ya shigar da takardarsa a ofishin rajista na Jamus, wadda aka ba lamba 204630. Abin da ya zana ya bambanta da turbo na yau, domin kwamfiresa mai matse iska, da injin fistan, da farfelar hayaƙi, duk a kan sanda ɗaya suke, suna juyawa tare, ta yadda ƙarfin da aka ƙwato daga hayaƙi ke komawa kai tsaye cikin injin. Amma ginshiƙan suna nan, har da wanda mutane da yawa ke zaton sabo ne, wato sanyaya iskar bayan an matse ta. Iska tana yin zafi idan aka matse ta, iska mai zafi kuma tana buɗewa ta cika wuri, sai amfanin matsewar ya ragu. Büchi ya hango wannan tun a takardar farko, ya sa na'urar sanyaya iska tsakanin kwamfiresa da silinda.

Ya koma aiki a Sulzer a 1909, aka kuma kafa masa wurin gwaji a 1911, amma sakamakon bai gamsar da shugabannin kamfanin ba, kuma dalilin yana cikin lissafi. Farfelar hayaƙi ba ta kama dukkan ƙarfin da ya bi ta kanta, kwamfiresa ma ba ta mayar da dukkan abin da aka ba ta, asarar biyun kuma ninka juna take yi. Idan kowace ta riƙe kashi 60 cikin 100 kawai, abin da ya rage a ƙarshe kashi 36 ne, alhali farfelar da aka kafa a bakin salansa tana toshe wa hayaƙi hanya, fistan na shan wahalar turo shi waje. Muddin matsin iskar da ke shiga bai rinjayi matsin hayaƙin da aka tare ba, to na'urar kaya ce kawai aka ɗora wa inji. Ga kuma matsalar ƙarfe: fikafikan farfelar suna zaune ne cikin hayaƙin da zafinsa ya kai ɗaruruwan digiri, suna juyawa dubban sau a minti, kuma ƙarafan wancan zamani suna miƙewa a hankali har su tsage. Babu takardar rajistar da za ta iya warware wannan; aiki ne na masu haɗa ƙarfe da masu nazarin tafiyar iska, waɗanda ba su riga sun iso ba.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya samar wa turbo mai sayensa na farko da ba ya tsoron tsada. Iska tana yin shara-shara yayin da ake hawa sama, har a tsayin kimanin mita 5,500 matsinta ya koma rabin na bakin teku, don haka jirgin yaƙi yana rasa ƙarfi daidai lokacin da ya fi bukatarsa. A nan turbo ya dace ƙwarai, domin ƙarancin matsin iskar waje yana sa hayaƙi ya fi saurin ratsa farfela. A Faransa Auguste Rateau, wanda ya riga ya yi suna wajen ƙera farfelar tururi, ya yi rajistar nasa tsarin a lokacin yaƙin, aka kuma gwada shi a injunan jirgi na Renault. A Amurka aikin ya faɗa hannun Sanford Moss na kamfanin General Electric, wanda a 1918 ya ɗora injin jirgi samfurin Liberty a kan mota, aka hau da shi ƙololuwar dutsen Pikes Peak a jihar Kolorado, mai tsayin kusan mita 4,300, domin a gwada shi a inda iska ta yi ƙaranci. Injin da ke ba da ƙarfin doki kimanin 350 a ƙasa ya faɗo zuwa wajen 230 a kan dutsen, da aka kunna masa turbo kuma ya ba da 356. An gama yaƙin kafin a ci moriyar gwajin, amma a 1921 matuƙi John Macready ya kai tsayin sama da mita 10,500 da jirgi mai wannan na'ura.

Büchi kuwa sai da ya jira ruwa. A 1923 ma'aikatar sufuri ta Jamus ta ba da kwangilar jiragen ruwa na fasinja biyu, Preussen da Hansestadt Danzig, domin zirga-zirga zuwa Gabashin Prussia, yankin da yarjejeniyar bayan yaƙi ta raba da sauran Jamus ta tudu. Injunan dizal ne masu silinda goma na ƙirar MAN, kuma da aka haɗa musu turbo bisa tsarin Büchi ƙarfinsu ya tashi daga doki 1,750 zuwa 2,500. Jiragen sun fara aiki a 1926, wato fiye da shekara 20 bayan takardar farko, tazarar da ta zarce wa'adin kariyar da dokar Jamus ke bayarwa a lokacin. Ba abin mamaki ba ne injin dizal ya riga na fetur amfana, domin hayaƙinsa bai kai na fetur zafi ba, kuma iska zalla yake matsewa a silinda kafin a fesa mai, saboda haka ƙarin matsi ba ya sa wuta ta kama kafin lokacinta.

Takardar da ta fi yi wa Büchi amfani ita ce ta 1925, ko da yake ba ita aka fi ambata ba. Ya lura cewa hayaƙi ba ya fita daga inji kamar ruwan famfo. Duk lokacin da bawul ɗin silinda ya buɗe, bugu ɗaya ne mai ƙarfi ke fita, sannan matsi ya sauka. Idan aka tara hayaƙin dukkan silindu a babban bututu guda, bugun yana lafawa, ƙarfinsa ya ɓace. Sai ya raba bututun zuwa ƙanana masu matsatsi, ya haɗa silindun da lokacin fitar hayaƙinsu bai ci karo da juna ba a kan bututu ɗaya, ya kai kowane bututu bakin farfela dabam. Riba biyu ta fito daga nan: bugun yana isa farfela da ƙarfinsa, sannan a ɗan lokacin da matsi ya sauka ana barin bawul ɗin shiga da na fita a buɗe tare, sabuwar iska ta ratsa silinda ta share sauran hayaƙi ta kuma sanyaya kan fistan. Da wannan dabara turbo mai matsakaicin inganci ma ya zama mai riba. A 1926 aka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa tsakanin Büchi, da kamfanin ƙera kawunan jirgin ƙasa na Winterthur, da Brown Boveri na garin Baden, wadda ta riƙa sayar wa masu ƙera injuna a ƙasashe da dama lasisin amfani da tsarin. A 1938 kamfanin Saurer, shi ma na Suwizalan, ya fitar da injin babbar mota mai turbo.

Matsalar ƙarfe ta samu magani ne a Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da Amurka ta sa turbo na General Electric a jiragenta na jefa bama-bamai B-17 da B-24 da B-29, da na faɗa irin su P-38 da P-47. Ana bukatar fikafikan farfela masu ɗimbin yawa, kuma ƙarfen da ya jure zafin ya yi taurin da ba ya ƙeruwa da guduma ko injin yanka cikin sauƙi. Mafitar ta fito daga inda ba a zata ba, wato wurin masu haɗa haƙoran roba, waɗanda ke da wani gaurayen ƙarfe na kobalt da kuromiyam mai suna Vitallium, suna kuma zuba shi ta hanyar kakin zuma: a siffanta abin da kaki, a lulluɓe shi da yumɓu mai jure wuta, a narkar da kakin ya fita, a zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa. Dabara ce tsohuwa, irin wadda maƙeran tagulla na Ife da Benin suka ƙware a kai ƙarnuka kafin nan, kuma har yau da ita ake zuba farfelar hayaƙi, sai dai yanzu gaurayen nikel aka fi amfani da shi.

Bayan yaƙi injin jet ya ƙwace sararin sama, turbo ya sauko ƙasa. A 1952 jirgin dakon mai na Denmak, Dorthe Mærsk, ya zama na farko da babban injinsa mai bugu biyu ya yi aiki da turbo, a 1954 Volvo ya fara sayar da manyan motoci masu shi, a tsakiyar shekarun 1950 kuma kamfanin Garrett na Los Angeles ya ƙera wa Caterpillar na katafilar D9. A gasar tsere ta Indianapolis ta 1952 wata motar dizal ta Cummins mai turbo ta yi saurin da ya ba ta layin gaba, amma ba ta gama tseren ba, domin bakin turbon yana kusa da ƙasa, ya yi ta zuƙar ɓurɓushin taya har ya toshe. Ƙanƙantar da na'urar ya kawo sabuwar wahala, tunda ƙaramar farfela dole ta ninka gudu kafin ta ba da matsi iri ɗaya, har a motocin yau tana wuce juyi 200,000 a minti. Abin da ya riƙe sandar a wannan gudu shi ne boris mai iyo, wato zoben tagulla da baƙin mai ke kewaye ciki da waje, ta yadda ƙarfe ba ya taɓa ƙarfe. Wannan ne ya sa gurɓataccen mai, ko kashe inji nan take bayan doguwar tafiya, ke cikin manyan abubuwan da ke halaka turbo, kamar yadda makanikan tirela suka sani.

Ƙaramar motar fetur ce ta fi gardama. A 1962 General Motors ya fitar da biyu, Oldsmobile Jetfire da Chevrolet Corvair Monza Spyder. Injin Jetfire mai lita 3.5 ya ba da doki 215, amma an bar masa matsin silinda mai yawa, don haka yana fuskantar haɗarin ƙwanƙwasa, wato cakuɗen fetur da iska ya fashe da kansa kafin wutar fulogi ta gama bin sa, abin da ke iya huda fistan. Maganin da aka yi shi ne wani ƙaramin tanki na ruwa da sinadarin methanol da ake fesawa domin sanyaya cakuɗen, kuma idan ya ƙare na'urar tana rage ƙarfi da kanta. Masu motoci suka riƙa mantawa da cika shi, ƙorafi ya yi yawa, bayan shekara biyu aka daina ƙera ta ba a kai guda 10,000 ba. BMW 2002 Turbo ta 1973 ta faɗa cikin rikicin man fetur na wannan shekarar, aka tsaya a guda 1,672, kuma ta yi ƙaurin suna da ciwo na biyu, wato jinkirin turbo: direba ya taka totur, ba abin da ya faru, sai bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu, da hayaƙi ya taru farfela ta ɗauki gudu, ƙarfin ya zo gaba ɗaya, wani lokaci a tsakiyar kwana.

Tushen jinkirin saɓani ne da ba ya kaucuwa. Babbar farfela tana wadatar da inji a babban gudu amma tana da nauyin tashi, ƙarama kuwa tana tashi da wuri amma a babban gudu tana ba da matsin da zai fasa inji. Da yawa daga cikin takardun mallakar turbo da aka yi rajista tun daga shekarun 1970 ƙoƙarin sasanta wannan saɓani ne. Mataki na farko shi ne ƙofar rage hayaƙi, wadda jiragen sama suka daɗe da ita: bawul ne da ke buɗewa idan matsi ya kai iyaka, ya bar wani ɓangare na hayaƙin ya kewaye farfela. Porsche ya goge ta a motocin tsere samfurin 917, ya sa ta a 911 Turbo ta 1975. Amma Saab na Suwidin, ƙarƙashin injiniya Per Gillbrand, shi ya fi fahimtar amfaninta ga mai mota na yau da kullum, domin a Saab 99 Turbo da aka nuna a 1977 an zaɓi ƙaramin turbo da gangan, mai ba da ƙarfi a matsakaicin gudu inda ake wuce mota a hanya, aka bar ƙofar ta zubar da rarar. A farkon shekarun 1980 kamfanin ya ƙara na'urar da ke sauraron ƙwanƙwasar inji tana rage matsi da kanta, abin da ya sa motar ta iya shan fetur mai inganci daban-daban. A 1978 Mercedes 300SD ta buɗe babin ƙananan motocin dizal masu turbo, Peugeot 604 ta biyo baya a 1979, shekarar da Renault ya ci tseren Formula 1 na farko da inji mai turbo a Dijon.

Mataki na biyu ya fi wayo, domin ƙofar rage hayaƙi zubar da ƙarfi take yi. A turbo mai sauya baki ana jera ƙananan fikafikai kewaye da farfelar hayaƙi, waɗanda ke tsukewa a ƙaramin gudu domin ɗan hayaƙin da ke akwai ya fita da sauri, su buɗe a babban gudu. Honda ya gwada shi a 1988, Fiat Croma mai dizal ta fito da shi a 1991, Holset na Huddersfield a Ingila kuma ya bi wata hanya dabam, ta zobe mai zamewa, a injunan manyan motocin Iveco daga 1998, kuma samun hanyoyi biyu zuwa manufa guda abu ne da tsarin rajista kansa ke haifarwa, tunda wanda ya tarar an rufe ƙofa ɗaya dole ya nemi wata. A injin fetur, mai hayaƙin da ke kaiwa digiri 1,000, abin ya fi wuya, a 2006 kuma Porsche da BorgWarner suka samu ƙarafan da ƙananan fikafikan za su yi motsi a cikin wannan zafi ba su maƙale ba. Wasu sun bi ta rage nauyi, kamar Nissan da ya yi farfelar tangaran a 1985, wasu ta turbo biyu, ƙarami ya fara babba ya karɓa, wasu kuma ta raba bakin farfela gida biyu, wanda tsarin Büchi ne na 1925 aka ƙanƙantar.

Darajar irin waɗannan ƙananan gyare-gyare ta bayyana a wata shari'a tsakanin manyan masu ƙera turbo biyu. Dokokin rage gurɓata iska sun tilasta wa injunan manyan motoci ƙarin matsi, farfelar kwamfiresa ta alminiyam kuma ta fara gajiya tana tsagewa saboda yawan hawa da saukar gudu. Titaniyam ya fi juriya, amma zuba shi yana da tsada, domin lanƙwasar fikafikan tana hana a zare ƙarafan da ake siffanta kakin da su. BorgWarner ya yi rajistar wata siffar fikafikai da ke bari a zare su cikin sauƙi ba tare da ingancin iska ya faɗi ba, ya kuma kai Honeywell, mai Garrett a lokacin, gaban kotun tarayya a Arewacin Karolina. A 2011 aka sasanta, Honeywell ya biya dala miliyan 32.5 domin lasisi.

Sabon fagen rajista shi ne haɗa turbo da lantarki. Daga 2014 dokokin Formula 1 suka kawo inji mai lita 1.6 wanda aka ɗaura wa sandar turbonsa motar lantarki, wato na'urar lantarki mai juya sanda, tana juya farfela kafin hayaƙi ya iso, tana kuma zama janareta idan hayaƙin ya yi yawa, ko da yake an cire ta daga dokokin 2026 saboda tsada da sarƙaƙiya. A 2022 Mercedes-AMG ya fara sayar da motoci masu irin wannan turbo na Garrett mai aiki da bolt 48, a 2024 kuma Porsche ya fitar da 911 GTS wadda turbonta ba shi da ƙofar rage hayaƙi kwata-kwata, domin motar lantarkin ce ke riƙe gudun farfela, rarar ƙarfin kuma ana tura ta cikin batir ko zuwa wata motar lantarki da ke cikin akwatin giya.